Gasar Mutum-mutumi da Matsalar Biza

A 1992 ne Dean Kamen, wani Ba'amurke mai ƙere-ƙere, ya fara tara 'yan sakandare ƙungiya-ƙungiya su ƙera mutum-mutumi su kara. Ƙungiyoyi 28 kacal suka hallara. A 2017 ya gayyato ƙasashen duniya birnin Washington, kowa da kayan haɗi iri ɗaya, watau kada mai hali ya fi talaka.

To, biza fa? Sau biyu aka hana 'yan matan Afganistan shida, yaran Gambiya ma aka hana su, sai da duniya ta yi ca aka sakar musu. Aikin gasar kuwa, Basakkwacen da ya saba jiran ɗan garuwa zai gane shi: mutum-mutumin ya tsince shuɗɗan ƙwallaye, madadin ruwa mai tsabta, daga cikin na ƙazanta.