Ɓallewa, Rabo ko Baraka? Tarihin da Ke Cikin Kalmomin Rabuwa na Turanci

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba da kuma waɗanda suka fi jin daɗin karatu.

Bari in fara da wani abu da ya taɓa faruwa da ni. Ina ɗalibi aka ba mu aikin fassara ɗan guntun rubutu kan tarihin Indiya. Na ci karo da kalmar partition, sai kawai na rubuta "ɓallewar Pakistan daga Indiya". Da malamin ya dawo mana da takardunmu, na tarar ya zagaye wurin da jan biro. Na bi shi ofis ina ƙorafi, ya dube ni ya ce, "Kai, wa ya ce maka sun ɓalle? Raba su aka yi." A ranar na ɗauka tsanani ne irin na malamai, don a ganina rabuwa ai rabuwa ce. Sai da na yi nisa a karatun tarihi na gane gaskiyarsa. Turanci yana da kalmomin rabuwa da yawa, ƙamus zai jera maka su kamar 'yan uwa ɗaya, amma kowacce tana faɗa maka wanda ya riƙe wuƙar da kuma wanda za a ɗora wa laifi. To yau su za mu bi ɗaya bayan ɗaya, tare da tarihin da ya ba su nauyinsu.

Ta farko ita ce schism. Daga Girkanci ta fito, kuma asalin ma'anarta yagewa ce, kamar yadda tufa ke yagewa. Mu a Hausa baraka za mu ce. A cocin Kirista kalmar ta yi suna. Ranar 16 ga Yuli 1054 wakilin Fafaroma, Kadinal Humbert, ya shiga babbar majami'ar Hagia Sophia a birnin Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, ya ajiye takardar korar shugaban cocin birnin, Michael Cerularius. Su ma suka rama da tasu korar. Wannan rana ce aka saba ɗauka a matsayin alamar rabuwar Katolika da Otodoks, kuma ba a janye korar nan ba sai a 1965. Amma misalin da ya fi fito da ma'anar kalmar shi ne na 1378 zuwa 1417, lokacin da aka sami Fafaroma a Rum, aka sami wani a Avignon ta ƙasar Faransa, daga 1409 ma suka zama uku. Aƙidarsu ɗaya, ibadarsu ɗaya, rigimar kawai wa za a bi. Ka ga a nan ta bambanta da heresy, wadda ita kan kauce wa aƙida take magana. Shi ya sa har gobe, in jam'iyya ko ƙungiya ta dare gida biyu, kowane ɓangare yana cewa shi ne na ainihi, Bature zai ce schism. Babu wanda ya ce ya fita. Kowa cewa yake gidan nasa ne.

Ta biyu, secession. Ita kuwa akwai wanda ya fita. Asalinta Latin ne, ma'ana ja gefe. A tarihin tsohuwar Rum, wajen shekara ta 494 kafin Miladiyya, talakawan birnin sun gaji da bashi da danniyar masu mulki, suka kwashe kayansu suka koma kan wani tudu a bayan gari. Da manya suka ga ba mai noma ba mai yaƙi, dole suka nemi sulhu, aka ba talakawa wakilan da za su riƙa kare su. Wato asalin abin ma yaji ne, irin wanda ake yi don a zo biko.

A Amurka ne kalmar ta yi ɗaci. Ranar 20 ga Disamba 1860 jihar South Carolina ta ce ta fice daga tarayya, saboda an zaɓi Abraham Lincoln kuma suna tsoron abin da zai sami bautar bayi. Wasu suka bi ta har jihohin suka kai 11. Su sun kira abin secession, don a wurinsu da ƙafarsu suka shiga tarayya, da ƙafarsu kuma za su fita. Lincoln kuwa rebellion ya ce, wato tawaye, domin in ya amince da kalmarsu ya amince ke nan akwai ƙofar fita. Aka yi yaƙi shekara huɗu, mutum sama da 600,000 suka mutu, sannan a 1869 Kotun Ƙoli, a shari'ar Texas da White, ta yanke cewa jiha ba ta da ikon ficewa da kanta. Amma ku lura da wani abu fa. Ita kanta Amurka a 1776 ɓallewa ta yi daga Birtaniya, ba ka jin ana kiran wannan secession, independence ake cewa, 'yancin kai. Haka Bangladesh a 1971: a idon Pakistan ɓallewa ce, a tarihin Bangladesh yaƙin 'yanci ne. Katanga kuwa, da Moise Tshombe ya ayyana a Kongo a 1960, tana nan da sunanta na secession, don ba ta ɗore ba. Sau da yawa wanda ya ci yaƙi shi ke raɗa wa abin suna.

Wannan magana ta taɓa mu a gida. Bayan juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, wanda aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a cikinsa, Janar Ironsi ya fito da Doka ta 34 a watan Mayu, wadda ta soke tsarin jihohin larduna ta mai da mulki dunƙulalle. Zanga-zanga ta ɓarke a biranen Arewa, an kashe 'yan ƙabilar Ibo da dama, kuma kalmar da aka riƙa ɗagawa ita ce "a raba". Littattafan Turanci sukan fassara ta da secession. To amma in ka saurari Hausar da kyau, ba "mun fita" take cewa ba. Cewa take a kawo wuƙa a yanka, kowa ya ɗauki nasa. Arewa dai ba ta fita ba. Shekara guda bayan nan, ranar 30 ga Mayu 1967, Ojukwu ya ayyana Biyafara, wanda shi ne secession na sosai, yanki ɗaya ya ce ya tafi ba tare da yardar sauran ba. Gwamnatin Gowon ta kira su 'yan tawaye, aka yi yaƙi har Janairu 1970. Shi ya sa nake cewa mai fassara labarai ya kula: 'yan aware daban, 'yan tawaye daban, masu neman 'yanci daban. Duk wadda ka zaɓa, ka riga ka nuna inda ka tsaya.

Wannan "a raba" ta kawo mu kalma ta uku, wadda ta ci mini maki, partition. A shari'ar Turawa tun asali ana amfani da ita ne wajen raba dukiyar da mutane suka yi tarayya a kai, kamar dai rabon gado. Ita gona ba a tambayarta in za a raba ta, to haka ƙasar da aka yi wa partition. Poland ita ce babban misali: Rasha da Ostiriya da Furusiya, wato masarautar da daga baya ta haɗe Jamus, suka yanyanka ta a 1772 da 1793 da 1795, har ta ɓace daga taswira shekara 123, ba ta dawo ba sai 1918.

A Indiya, a 1947, Birtaniya ta kawo wani lauya mai suna Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka ƙasar ba, aka ba shi kimanin mako biyar ya shata iyaka a lardunan Punjab da Bengal. Pakistan ta yi bikin 'yancin kai ranar 14 ga Agusta, Indiya ranar 15, amma ba a bayyana layin ba sai ranar 17. Ku duba fa, mutane sun yi biki ba su san ƙasar da gidansu ya faɗa ba. Sama da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu a hanya, wasu masana ma suna kai adadin miliyan guda ko fiye. Gaskiya ne Muhammad Ali Jinnah da jam'iyyarsa sun nemi a ba su Pakistan. Amma ƙasashen biyu a lokaci guda aka haife su daga mulkin mallaka ɗaya, babu wata Indiya mai 'yanci da Pakistan ta fice daga cikinta. Abin da malamina yake nufi ke nan.

Mu ma ai mun san wannan wuƙa. A 1890 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya suka ja layi daga Say a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar tafkin Cadi, suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906. Bakano bai ɓalle daga Badamagare ba, mutumin Jibiya bai yi yaji daga na Maraɗi ba. A teburin Turai aka yi rabon, shi ya sa yau ɗan uwa ke nuna takarda kafin ya je gaisuwar mutuwa.

Akwai kuma rabuwar lalama. Ranar 1 ga Janairu 1993 Cekoslobakiya ta zama ƙasa biyu, Cek da Slobakiya, ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Wannan dissolution ne, warware ƙulli, 'yan jarida kuma suka yi mata laƙabi da divorce, sakin aure. Ita separation ita ce uwarsu duka, ba ta nuna kowa da yatsa, shi ya sa 'yan siyasa ke son ta. Fitar Singafo daga Maleshiya ranar 9 ga Agusta 1965 da wannan suna aka san ta, ga shi kuwa majalisar Maleshiya ce ta kaɗa ƙuri'a aka fitar da ita, har Lee Kuan Yew ya zubar da hawaye a talabijin.

Sai dai wannan kalma mai sanyi an sha fakewa a bayanta. Segregation ta fito daga kalmar Latin mai nufin garke, wato a cire dabba daga cikin garke a ware ta. A 1892 wani mutum mai suna Homer Plessy ya zauna a taragun fararen fata a jihar Louisiana, aka kama shi. A 1896 Kotun Ƙolin Amurka ta ce raba baƙi da farare ba laifi ba ne matuƙar an ba kowa irin nasa. Wato an ɗauki segregation an sa mata rigar separation. A Afirka ta Kudu ma, da sunan apartheid ya yi wari a duniya, gwamnati ta koma cewa separate development, wai kowa ya ci gaba a ɓangarensa. Mu dai Hausa ba mu yi wani kwana-kwana ba, wariyar launin fata muka ce.

A wannan shari'a ta Plessy alƙalai bakwai suka amince, guda ɗaya tak ya ƙi, John Marshall Harlan, wanda shi kansa daga gidan masu bayi ya fito a Kentucky. Abin da ya rubuta shi ake kira dissent, kuma nan muka shigo kalmomin saɓani. Dissent shi ne ka ƙi bin ra'ayin masu rinjaye amma kana nan cikin gida. Harlan bai bar kotun ba, ya rubuta hujjarsa ya ajiye. Bayan shekara 58, a 1954, kotun ta dawo a shari'ar Brown ta haramta wariya a makarantun gwamnati, ba alƙali ko ɗaya da ya saɓa.

Dispute kuwa taƙaddama ce a kan wani abu takamaimai da alƙali zai iya yankewa, kamar Bakassi, wadda Kotun Duniya ta ba Kamaru a watan Oktoba 2002. Controversy ce-ce-ku-ce ne a bainar jama'a. Quarrel faɗan baki ne da fushi, asalinta ma daga ƙorafi ta fito. Discord tana da kalmar zuciya a cikinta, zukata ne suka ƙi haɗuwa, rashin jituwa ke nan. Conflict kuma asalinta karo ne, abu biyu su bugi juna. Kun ga mu ma muna da namu tsanin: saɓani, gardama, jayayya, taƙaddama, husuma, rikici. Ba wanda zai kira gardamar 'yan ƙwallo husuma sai mai son zuga.

Abin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne, dissent da secession ba mataki ɗaya suke ba, kuma ƙasashe da ƙungiyoyi da yawa sun lalace ne don shugabanni sun kira mai saɓani ɗan tawaye tun bai yi niyyar fita ba. In ka toshe bakin mai magana a cikin ɗaki, ƙofa zai nema. Don haka in ka ji labari a rediyo ko ka gani a Facebook an ce wasu sun "rabu", tambaya ta farko ita ce: fita suka yi, korarsu aka yi, ko wani ne ya zo ya raba su?

Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa, musamman ku 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da kuka yi karatu da Faransanci, ku faɗa mana yadda abin yake a can. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.