Gajeriyar Hanya Zuwa Ilimin Kiwon Lafiya: Tarihin Horar da Ma'aikatan Lafiya a Jazira da Matsayin Hausawan Sudan

Gabatarwa

Hausawa na cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara. Masu tsara karatun kiwon lafiya kuwa sun daɗe suna neman dabarar rage shekarun, domin cuta ba ta jiran ɗalibi ya gama karatu. A jami'o'in Amurka da dama akwai tsarin da ke haɗe digirin farko da na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma. Ɗalibi yakan fara ɗaukar darussan digiri na biyu tun yana shekararsa ta huɗu, a lissafa masa su a ɓangarorin biyu, ya kammala cikin shekara biyar maimakon shida. Wannan tunani ba baƙo ba ne a Afirka. Yankin Jazira na ƙasar Sudan, wanda ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, ya yi kimanin shekara ɗari yana gwada hanyoyin gaggauta horar da ma'aikatan lafiya. Wannan muƙala ta bi diddigin waɗannan gwaje-gwaje, ta kuma duba inda suka bar Hausawan da ke zaune a ƙauyukan yankin.

Zuwan Hausawa da Haƙa Magudanan Ruwa

Tun kafin zuwan Turawa, mahajjata daga ƙasar Hausa suna ratsa Sudan a ƙasa, wasu su yada zango su yi noma don neman guzuri, wasu kuma zaman ya ɗore. Babbar ƙaura ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka sauka a bakin Shuɗin Nilu wajen 1906, kudu da Sinnar kaɗan, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Mutanen Sudan sukan haɗa Hausawa da Fulani da Barebari su kira su Fallata.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman auduga na Jazira da fili mai faɗin feddan 300,000. Feddan ɗaya ya ɗara eka ɗaya da kaɗan. Da aka ƙara yankin Manaƙil, filin ya kai kusan feddan miliyan biyu. An yanka ƙasar gonaki-gonaki, kowace ana kiranta hawasha, ruwa kuma yana isa gare ta ta babban magudani zuwa ƙananan da ake kira Abu Ishirin da Abu Sitta. Auduga na son hannu da yawa, don haka aka buɗe ƙofa ga 'yan ƙwadago daga yamma. Wasu Hausawan sun samu hawasha tun farko. Da yawa kuma sun zauna tare da mutanen Darfur da Chadi a sansanonin leburori da ake kira kambo, jam'insa kanabi, waɗanda akasari ke gefen magudanan ruwa, ba su kuma cikin ƙauyukan da hukuma ta yi wa rajista.

Cutar da Ruwa ya Kawo

Ruwan da ya raya auduga shi ne ya raya sauro da ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Mai tsargiya yakan zubar da ƙwan cutar a fitsari ko bayan gida. Idan ƙwan ya shiga ruwa sai ya ƙyanƙyashe ya shige jikin dodon koɗi, daga nan tsutsar ta fito ta huda fatar duk wanda ya tsoma ƙafa. Mai ban-ruwa da mai yashe magudani da yaro mai wanka su ne a sahun gaba.

Hukumar Turawa ta san wannan haɗari tun kafin ruwa ya gudana. A asibitin Khartum ne likita Christopherson ya tabbatar, wajen 1918, cewa allurar wani sinadari mai suna antimoni tana kashe tsargiya. An riƙa tsare leburorin Masar a Wadi Halfa ana gwada su kafin su wuce aikin madatsa, aka kuma ɗora irin wannan tantancewa a kan masu shigowa daga yamma. Saboda haka farkon haɗuwar Bahaushen Jazira da likitancin zamani ita ce haɗuwar wanda ake zargi da ɗauko cuta. Duk da tantancewar, cutar ta kafu a magudanan, ta fi kuma addabar waɗanda ba su da wani ruwan sha ko na wanka sai shi.

Gajerun Hanyoyi a Zamanin Turawa

Makarantar koyon likitanci ta Kitchener ta buɗe a Khartum a 1924, rukuninta na farko kuma ya fita a 1928, ba su kai mutum goma ba. Da irin wannan tafiya, ƙauye ba zai ga likita ba sai bayan tsararraki. Sai aka dogara da wasu hanyoyi biyu masu sauri.

Ta farko ita ce horar da mataimakan likita. Akan zaɓi ma'aikacin jinya da ya daɗe yana aiki, a ba shi ƙarin horo na ɗan lokaci, a damƙa masa ƙaramin asibitin ƙauye, wanda ake kira shafakhana. Shekarun da ya yi a gefen gadon marasa lafiya an ɗauke su a matsayin rabin karatunsa. Ta biyu ita ce makarantar ungozomomi ta Umdurman, wadda Mabel Wolff ta buɗe a 1921, daga baya 'yar'uwarta Gertrude ta zo suka ci gaba tare. Mafi yawan ɗaliban ba su iya karatu da rubutu ba, horon kuma na watanni kaɗan ne. Sun koyi rarrabe magunguna ta hanyar ƙamshi da ɗanɗano da launi, suka koma garuruwansu da akwatin kayan aiki. Daga cikinsu aka samu malamai irin su Sitt Batul Muhammad Isa.

Abin lura a nan shi ne ba a yanke lokaci haka kawai ba. Abin da aka rage na zaman aji an cike shi da gogewar da ɗalibi ya zo da ita, ko da sanin mutanen da zai yi wa aiki.

Jami'ar Jazira da Sabuwar Manhaja

An kafa Jami'ar Jazira a Wad Madani a 1975. Tsangayarta ta koyon likitanci ta karɓi ɗaliban farko a 1978, shekarar da aka yi taron Alma-Ata wanda ya ɗora kiwon lafiya matakin farko a kan gaba. Shugaban tsangayar na farko, Farfesa Bashir Hamad, da abokan aikinsa sun kauce wa tsarin da aka gada daga Ingila, inda ɗalibi kan yi shekaru yana haddar sassan jiki kafin ya ga marar lafiya, kiwon lafiyar al'umma kuma ya zo a ƙarshe kamar cikon benci. Manhajar da tsangayar ta zauna a kanta zango goma ce, wato shekara biyar, alhali ta Khartum shekara shida ce.

Hanyar da aka bi aka rage shekarar ita ce haɗe darussa. Maimakon a koyar da ilimin ƙwayoyin cuta daban, na magunguna daban, na ƙididdigar annoba daban, sai a ɗauko matsala guda, misali zazzaɓin cizon sauro, a bi ta daga jinin marar lafiya har zuwa kududdufin da ke bayan gidansa. Akan haɗa ɗalibi da wani iyali ya riƙa ziyartarsu. Akwai kuma shirin fita karkara, inda rukunin ɗalibai ke ɗaukar ƙauye guda: su ƙidaya gidaje su gano matsalolinsa, su dawo su aiwatar da wani aiki tare da mazauna, sannan su sake dawowa su auna sakamako. Ta haka ilimin da a wasu ƙasashe sai a digiri na biyu ake samunsa ya shigo cikin digirin farko. Tsangayar tana cikin makarantun da suka kafa ƙungiyar makarantun likitanci masu fuskantar al'umma a 1979 da goyon bayan Hukumar Lafiya ta Duniya. Jami'ar Ilorin a Nijeriya ta bi tafarki mai kama da wannan a daidai wannan zamani.

Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu

Lokacin da ake wannan gyara, cuta tana ƙaruwa. Bayan gama madatsar Rusairis a 1966, ruwa ya wadata, aka faɗaɗa noman alkama da gyaɗa, magudanan da a da sukan bushe na wasu watanni suka koma riƙe ruwa kusan duk shekara. Sauro kuma ya daina jin maganin DDT. Wannan ya sa gwamnatin Sudan da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ƙaddamar da Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu a 1979, na shekara goma, ƙarƙashin Dakta Ahmad Ayyub al-Gaddal, don yaƙar zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da gudawa a Jazira da Manaƙil da Rahad, inda kimanin mutum miliyan biyu ke zaune. An yi feshin gidaje, an kashe dodon koɗi, an raba sabon maganin tsargiya mai suna farazikwantel, an samar da ruwan sha da masai. Binciken da aka yi a lokacin ya nuna tsargiya ta fi tsanani a tsakanin mazauna kambo da masu yashe magudani.

Shirin ya zama wata makaranta a fili. Masu duba jini da madubin likita da masu feshi da masu nazarin ƙwari sun koyi aiki suna cikin yinsa. Zazzaɓin ya ragu har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. Amma da tallafin waje ya ƙare wajen 1990, sai annoba ta dawo a 1993 zuwa 1994. A nan maganar Hausawa ta tabbata cewa sauri ya haifi nawa: an horar da mutane, ba a tanadi albashi da kayan aikin da za su riƙe su ba. Abin da ya tsira shi ne cibiyar bincike da horarwa da aka kafa a Jami'ar Jazira a shekarun 1990, wadda ta gaji sunan Shuɗin Nilu, ta kuma riƙa ba da digiri na biyu a fannin yaƙi da ƙwari masu yaɗa cuta.

Digiri na Biyu a Bakin Aiki

Gwaji mafi kusa da tsarin haɗe digiri ya zo a 2010, lokacin da jami'ar da ma'aikatar lafiya ta Jihar Jazira suka buɗe shirin likitancin iyali. An ɗauki likitoci fiye da 200, aka rarraba su a cibiyoyin lafiya na birni da ƙauye. Suna duba marasa lafiya ana biyansu albashi, suna sauraron lacca ta intanet, suna tuntuɓar ƙwararru ta kwamfuta, suna kuma zuwa manyan asibitoci a wasu ranaku. Cikin shekara biyu suke samun digiri na biyu, alhali horon ƙwarewa na al'ada yakan ɗauki shekara huɗu. Ranar aiki guda ta zama hidima ga ƙauye, ta kuma zama darasi. Matsalar da shirin ya ci karo da ita tsohuwa ce a Sudan: likitan da ya samu ƙarin takarda ya fi saurin samun aiki a Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa masu arzikin mai.

Wa ya Samu Shiga?

Gajeriyar hanya tana amfanar wanda ya iso bakinta ne kawai. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta gindaya cewa sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Jama'ar Mai Wurno, waɗanda suka iso wajen 1906, sun makara da shekara tara, balle waɗanda noman auduga ya jawo bayan 1925. Takardar shaidar zama ɗan ƙasa, wadda ake kira jinsiyya, ita ce mabuɗin shiga jami'a da aikin gwamnati. Dokar 1994 ta matso da iyakar zuwa 1 ga Janairu 1956, amma tsararraki sun riga sun wuce. A kambo kuwa, rashin rajista ya sa makaranta da asibiti da famfo sukan yi nisa. Yaron da bai gama sakandare ba, rage shekara guda a jami'a ba ta shafe shi ba.

Hausawan da ke manyan garuruwa irin su Wad Madani da Sinnar da Damazin sun fi samun damar karatu, 'ya'yansu kuma sun shiga jami'o'i. Sai dai rikicin Jihar Shuɗin Nilu na Yuli da Oktoba 2022, wanda ya taso a kan neman sarautar gargajiya da Hausawa suka yi, ya ci ɗaruruwan rayuka ya raba dubban mutane da gidajensu. A Disamba 2023 dakarun RSF suka kama Wad Madani, karatu ya tsaya a harabar jami'ar, sojoji kuma ba su ƙwato garin ba sai a Janairu 2025. Kwalara ta ɓarke a ƙasar a 2024, a daidai lokacin da asibitoci da dama suke rufe.

Kammalawa

Tarihin Jazira ya nuna cewa ana iya gajarta karatun kiwon lafiya ba tare da an zubar da ingancinsa ba, matuƙar an mayar da lokacin da aka rage zuwa aiki a cikin jama'a ƙarƙashin kulawar malami. Haka aka yi da mataimakan likita da ungozomomi, haka aka yi a manhajar Jami'ar Jazira da shirin 2010. Ya kuma nuna inda dabarar ke gazawa: idan babu kuɗin riƙe wanda aka horar, ko idan mutanen da cutar ta fi ci ba su da hanyar shiga aji. Yanzu da Sudan za ta buƙaci sabbin ma'aikatan lafiya cikin gaggawa, batun haɗe digiri da rage shekaru zai sake tasowa. Ma'aunin da ya dace a ɗora shi a kai shi ne yawan 'ya'yan kambo da ƙauyukan bakin kogi da suka shiga shirin, suka gama, suka kuma koma suna duba marasa lafiya da harshen da iyayensu ke ji.