Sarrafawa da Taskance Manyan Jerin Sunaye a Dandalin Aikin Haɗin Gwiwa: Nazari Kan Ƙaramar Hukumar Gwiwa

Tsakure

Wannan maƙala ta auna iyakokin da manhajojin SharePoint da Excel suka gindaya wa jerin bayanai, ta gwada su da yawan jama'ar ƙaramar hukumar Gwiwa ta jihar Jigawa. An gano cewa rarraba jeri bisa mazaɓa kaɗai ba ya wadatarwa, sai an haɗa da ƙauye da shekara, an kuma ware tsohon bayani daga wanda ake aiki da shi.

Gabatarwa

Gwiwa na cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Kazaure, tare da Kazaure da Roni da 'Yankwashi. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 124,517 a mazaɓu 11. Duk aikin hukuma a irin wannan yanki da jerin sunaye yake tafiya: rabon taki, rigakafin yara, rajistar masu ƙaramin ƙarfi, biyan albashi. Tambayar nazarin ita ce, me zai faru idan aka ɗora jeri mai wannan girma a dandalin da ma'aikata da yawa ke shiga lokaci guda?

Iyakokin manhaja

Bisa bayanan kamfanin Microsoft, jeri guda a SharePoint na iya ɗaukar bayanai miliyan 30. Wurin ajiya ke nan ba matsala ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne iyakar 5,000: duk umarnin da zai sa manhajar ta bi layukan da suka haura haka a tashi ɗaya, tana iya ƙin aiwatar da shi, don kada mutum ɗaya ya tsayar wa sauran aiki. Mafitar ita ce sanya manuni a kan wasu ginshiƙan jerin, kuma ba a wuce 20.

Shafin Excel na yanzu yana tsayawa a layi 1,048,576, tsohon samfurinsa kuwa a 65,536. A watan Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bayyana cewa sakamakon gwajin korona 15,841 sun salwanta daga rahotonta saboda amfani da tsohon samfurin. Jama'ar Gwiwa ta 2006 ta kusa ninka iyakar tsohon samfurin sau biyu.

Sakamako da tattaunawa

Idan aka raba 124,517 gida 11, kowace mazaɓa za ta tashi da kimanin 11,300. Wato ko an tace jerin zuwa mazaɓa ɗaya, har yanzu an ninka iyakar 5,000 fiye da sau biyu, balle yau da jama'a ta ƙaru. Dole a gangara mataki na ƙasa, zuwa ƙauye ko unguwa.

Abin lura, wannan tsari ba baƙo ba ne a yankin. Kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kano a 1979, lokacin Gwiwa na cikinta, malaman haraji na En'e suna rubuta masu biya ne ƙarƙashin hakimi, sannan dagaci, sannan mai unguwa, kuma ana sabunta lissafin duk shekara. Ba wanda ke buɗe littafin masarauta dungurungum don neman magidanci ɗaya. A ra'ayin wannan nazari, ginshiƙan da suka fi cancantar manuni su ne waɗannan ɗin dai: mazaɓa, ƙauye, shekara.

Suna kuwa ba abin dogaro ba ne wajen tantance mutum. Masu suna ɗaya a ƙauye ɗaya ba sa ƙirguwa, wasu ma da sunan garinsu suke rufe suna. Ga kuma haruffa masu lanƙwasa: ma'aikaci ɗaya ya rubuta Ɗahiru, wani ya rubuta Dahiru, manhaja ta ƙirga mutum biyu. Lambar shaidar ɗan ƙasa mai alƙaluma 11 ta fi aminci. Ita da lambar waya a matsayin rubutu ya kamata a ajiye su, domin Excel kan share sifirin farko idan ya ɗauke su a matsayin adadi.

Taskancewa

Ƙaurar da bayani da goge shi ba ɗaya ba ne. Abin da aka goge a SharePoint na intanet kwana 93 yake yi a kwandon shara, daga nan ya tafi. Saboda haka a ƙarshen kowace shekara a kwashe bayanan da aka gama aiki da su zuwa jerin taska na daban, wanda ake karantawa amma ba a gyarawa, a kuma fitar da kwafi a samfurin CSV da kowace manhaja ke buɗewa. A inda wuta da intanet ba su da tabbas, wannan kwafi shi ne abin komawa.

Sai dai Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta hana riƙe bayanin mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsa. Don haka kowace taska na buƙatar rubutaccen wa'adi da jami'in da alhakinta ke wuyansa. Jerin rabon taki na kakar bana da takardun fanshon ma'aikaci ba za su yi wa'adi ɗaya ba, kuma yanke wannan hukunci aikin hukuma ne tun kafin a ɗora layin farko.