Ɗan Makerin da Ya Auna Turjiyar Waya

Duk wanda ya taɓa shafa wayar dutsen guga ya ji ta da ɗumi, ya ci karo da tambayar da ta cinye shekarun wani malamin makaranta a Jamus: me ya sa wata waya ke barin lantarki ya wuce cikin sauƙi, wata kuma ta turje har ta ɗau zafi? Yau amsar tana cikin littafin 'yan sakandare, muna haddace ta don jarrabawa. Amma mutumin da ya samo ta sai da ya rasa aikinsa a kanta.

Sunansa Georg Simon Ohm, an haife shi a garin Erlangen a 1789. Mahaifinsa maƙerin makullai ne da ya koya wa kansa lissafi, sannan ya koyar da 'ya'yansa a gida. A 1817 Ohm ya samu aikin koyarwa a wata makaranta a birnin Cologne, wadda ke da ɗakin gwaji mai kyau. A lokacin lantarki sabon abu ne a hannun masana. Volta ya ƙera batirinsa a 1800, kuma a 1820 Oersted ya lura cewa waya mai ɗauke da lantarki tana karkatar da allurar kamfas. Wannan allura ita ce ta zama ma'aunin Ohm: gwargwadon karkatarta, gwargwadon lantarkin da ke kwarara.

Matsalarsa ta farko batir ce. Batirin wancan zamani ƙarfinsa kan ragu ana cikin gwaji, sai alkaluma su riƙa saɓa wa juna. Bisa shawarar Poggendorff, sai ya koma ga abin da Seebeck ya gano a 1821: in aka haɗa ƙarafa biyu mabambanta, aka zafafa mahaɗa ɗaya aka sanyaya ɗaya, lantarki zai gudana. Ohm ya haɗa jan ƙarfe da wani ƙarfe mai suna bismut, ya sa mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗaya a ƙanƙara. Ta haka ya samu turi tsayayye, ya gwada wayoyi takwas masu tsawo daban-daban a 1826. A 1827 ya fitar da littafinsa a Berlin.

Abin da ya ce gajere ne. Turin lantarki, wanda muke aunawa da bolt, daidai yake da kwarara sau turjiya. Ke nan in mun raba turi da kwarara, turjiyar waya ta fito. Sai dai manyan malaman ƙasarsa da yawa ba su karɓa ba, wasu na ganin lissafi ya yi yawa, wasu na ƙyamar hanyar tasa. Ya bar aikinsa na Cologne, ya zauna a Berlin yana 'yar koyarwa da ƙaramin albashi, har 1833 da ya samu gurbi a Nuremberg. Yabon daga waje ya fara zuwa: a 1841 ƙungiyar Royal Society ta Landan ta ba shi lambar Copley. Kujerar farfesan da ya daɗe yana buri a jami'ar Munich kuwa, sai 1852 ta tabbata, shekara biyu kafin rasuwarsa a 1854. A 1881 taron masana lantarki a Paris ya amince da sunansa a matsayin ma'aunin turjiya.

Wani Bature ɗan Ingila, James Joule, shi ya cike sauran. Wajen 1840 ya nuna cewa zafin da waya ke fitarwa yana bin kwarara sau kanta sau turjiya. In kwarara ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu.

Mu gwada da kayan ɗakinmu. Ƙarfin aiki, wato wat, shi ne turi sau kwarara. Dutsen guga mai wat 1,000 a kan wutarmu ta bolt 230 yana jan kusan amfiya 4.3, turjiyarsa kuma ta kai kusan om 53. Yanzu mu ce wat 1,000 ɗin nan daga batirin sola mai bolt 12 za mu ɗebo shi. Kwarara ta haura amfiya 83, kusan ninki 19. In da siririyar wayar dutsen guga muka haɗa batirin, zafinta zai haura ninki 360, robar ta narke, gobara ta tashi. Shi ya sa mai haɗa sola na kirki ke dagewa sai an sayi kaurin waya tsakanin batir da inbata, ko da maigida na ƙorafin kuɗi. Wannan lissafin ne kuma ya sa ake ɗaga wutar Kainji zuwa bolt 330,000 kafin a tura ta nesa: turi ya ƙaru, kwarara ta ragu, asara a hanya ta yi kaɗan.

Don haka in mai gyaran wuta ya ce mana wayar nan ba za ta ɗauka ba, mu duba wat ɗin da ke rubuce a jikin kayan, mu raba da bolt, mu gani da idonmu kafin mu yi masa gardama.