Rana a Cikin Tukunya, Wuta a Adjamé

A Janairun 1958 masana a Ingila suka ce na'urarsu ZETA ta fara kwaikwayon aikin rana, wato haɗe ƙwayoyin haidurojin har su fitar da zafi. Jaridu suka yi ta shelar lantarki daga ruwan teku. Watanni kaɗan aka janye maganar, ashe awon ne ya ruɗe su.

A 1959 kuwa madatsar Ayamé ta fara ba Abijan wuta, Kossou da Taabo da Buyo suka biyo baya. Da farin 1983 ya janye ruwansu, teloli da masu sayar da ƙanƙara a Adjamé da Treichville suka sha duhu. Iskar gas ce daga baya ta zama madogarar garin: tashar Ciprel a Vridi a 1995, Azito a 1999.

Ina waccan tukunyar rana? A 1985 Reagan da Gorbachev suka amince a Geneva a haɗa hannu. Aikin, ITER, har yau ana gininsa a kudancin Faransa, gwaji da cikakken makamashinsa sai 2039. A Disamban 2022 wani ɗakin gwaji a California ya harba megajul 2.05 na hasken leza ya sami 3.15, aka yi ta guɗa. Amma lezar ta zuƙi wajen megajul 300 daga layin wuta. Ni dai ɗan kasuwa ne, wanda ya zuba jari 300 ya kwashi 3 ba na ce masa barka. Kimiyyar gaskiya ce, ban musa ba. Sai dai ko ITER ɗin ba a tsara shi don ya kunna ƙwan fitila ɗaya ba.