Ciwon suga nau'i na 2: yadda ake sa masu ciwon cikin tsara binciken lafiya

Ciwon suga nau'i na 2, wanda ake kira diyabet a asibitocinmu, yana samuwa ne idan jiki ya daina amfana da sinadarin insulin yadda ya kamata, ko kuma bai samar da isasshe ba, sai suga ya taru cikin jini. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon suga a duniya wannan nau'in ne gare su. Tarayyar ƙungiyoyin ciwon suga ta duniya, IDF, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manya miliyan 537 ne ke da ciwon, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, inda fiye da rabi ba su ma san suna ɗauke da shi ba.

Ciwo ne na zama tare, shekara da shekaru. Mai shi yakan ga likita na ƴan mintoci, sauran kwanakin kuwa shi ke fama da abin da zai ci, lokacin shan magani, duba ƙafa da kuɗin gwaji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan ne ya sa ake ƙara neman masu ciwon su shiga cikin tsara binciken da ake yi dominsu.

Mene ne tsara bincike tare?

A tsarin da aka saba, majinyaci yakan shigo ne bayan an gama shirya komai: ya sa hannu, a ɗebi jininsa, ya amsa tambayoyi. A sabon tsarin kuwa, abokin aiki ne tun daga farko, abin da ake kira patient partenaire da Faransanci. Da shi ake zaɓen tambayar da za a bincika, da shi ake tsara yadda za a gayyaci mutane, yana duba ko takardar neman yarda tana fahimtuwa, yana kuma faɗin abin da ya kamata a auna. Likita na iya ɗaukar saukar suga a jini a matsayin nasara, alhali abin da ya dami mai ciwon shi ne zugin ƙafa da ke hana shi barci.

Akwai shaidar cewa buƙatun sun sha bamban. Wani nazari da aka buga a Birtaniya a 2015 ya kwatanta abubuwan da majinyata da ma'aikatan lafiya suka fi son a bincika, a kan cututtuka daban-daban, da gwaje-gwajen da aka yi rajistarsu. Magunguna da alluran rigakafi kashi 18 cikin 100 ne kawai na abin da suka nema, amma su ne kashi 86 cikin 100 na abin da kamfanoni ke gwadawa.

Misalin Birtaniya

A 2004 aka kafa James Lind Alliance a Birtaniya. An sa mata sunan wani likitan sojan ruwa ɗan Sikotilan wanda a 1747 ya gwada magunguna daban-daban a kan matuƙa 12 masu ciwon ƙarancin bitamin C, ya ga lemo ya fi amfani. Aikinta shi ne haɗa majinyata, masu kula da su da ma'aikatan lafiya su fitar da tambayoyi goma mafi muhimmanci a kan wata cuta.

Hanyar a bayyane take. Da farko a kafa kwamitin da ya haɗa ɓangarorin. Sai a buɗe ƙofa ga jama'a su aiko da tambayoyinsu. A haɗe masu kama da juna, a cire waɗanda kimiyya ta riga ta amsa, a sake mayar wa jama'a su jera sauran bisa muhimmanci. A ƙarshe a yi zaman yini guda a tsayar da goma. Kamfanonin magani ba su da ƙuri'a a wannan zama.

An bi wannan hanya a kan ciwon suga nau'i na 2 tare da ƙungiyar Diabetes UK, aka fitar da sakamako a 2017. Fiye da mutum 2,500 sun aiko da tambayoyi kusan 8,000. Wadda ta zo ta ɗaya ita ce ko ana iya warkar da ciwon ko mayar da shi baya, ta wace hanya, kuma ko akwai matakin da idan an wuce shi ba a komawa. Cikin goman akwai batun rigakafi, abinci, lalacewar jijiyoyi, da alaƙar ciwon da damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa.

A ƙarshen wannan shekarar, gwajin DiRECT, wanda aka fara tun kafin a fitar da jerin, ya nuna cewa ciwon ya lafa bayan shekara guda ga kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka bi shirin rage ƙiba ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. Lafawa dai ba warkewa ba ce, kuma ba a barin magani sai da izinin likita.

A wasu ƙasashe

A Kanada, al'ummar Mohawk ta Kahnawake, kusa da Montreal, ta fara shirin rigakafin ciwon suga a makarantunta a 1994. Ta rubuta ƙa'idojin da suka mai da ita abokiyar aikin masu bincike na jami'a, ciki har da gabatar mata da sakamako kafin a buga shi. A Faransa, tarayyar masu ciwon suga ta ƙasar ta kafa Diabète LAB a 2015 domin tattara sanin masu ciwon. A Bamako, wani gwaji da aka buga a 2018, tare da ƙungiyar Santé Diabète, ya nuna cewa waɗanda ƴan'uwansu masu ciwon suka karantar sun fi samun saukar suga bayan shekara guda. A nan masu ciwon malamai ne, ba su suka tsara binciken ba, amma ya nuna saninsu na da amfani.

Inda ake samun cikas

Babban haɗarin shi ne gayya ta jeka-na-yi-ka: a kira mutum ɗaya ko biyu su cika kujera bayan an yanke shawara. Na biyu, waɗanda suka fi zuwa su ne masu ilimin boko na birni. Manomi, matar aure a ƙauye ko wanda ba ya jin Faransanci sai a manta da su. Na uku, girman likita a idon jama'a na hana mutane musa masa. Maganin waɗannan shi ne a yi zama da harshen mutane, a biya kuɗin mota da ladan lokacinsu, a ba su horo, a kuma fayyace tun farko abin da suke da ikon canjawa.

Jerin Birtaniya ba zai zama na Maraɗi, Damagaram ko Garwa ba. A nan akwai tambayar azumin Ramadan, ta tuwo da fura a gidan da ake ci a kwano ɗaya, ta ajiye insulin lokacin zafi inda babu lantarki, da ta haɗa maganin gargajiya da na asibiti. Duk mai ciwon da aka gayyata irin wannan aiki yana da damar ya tambaya: a wane mataki aikin yake, me zan iya canjawa, kuma yaushe za a dawo mana da sakamako?