Daga ƙofar Bebeji zuwa titunan Landan: tarihin kallon garin wasu

A watan Yulin 1826 wani Bature mai suna Hugh Clapperton ya biyo tsohuwar hanyar fatake daga Zariya zuwa Kano, ya yada zango a Bebeji. Abin da idonsa ya gane masa game da girman garin da yawan jama'arsa ya shiga littafin da yake rubuta labarin tafiyarsa. Clapperton bai koma gida ba, don a Sakkwato ya rasu cikin Afrilun 1827, amma baransa Richard Lander ya kai takardun Landan, aka buga su a 1829. Tun daga wannan shekara mai karatu a Ingila yana iya sanin wani abu game da Bebeji yana zaune a ɗakinsa, alhali a Bebeji babu ko shafi guda da ke ba da labarin Landan.

Bayan shekara ashirin da biyar wani ya biyo sawu. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdul Karim, ya shiga Kano a Fabrairun 1851. Ya hau dutsen Dala, ya zaga unguwanni da kasuwa, ya zana taswirar birnin, ya kuma ƙiyasta mazaunansa da dubu 30, adadin da yake ganin kan ninka a lokacin da fatake suka cika gari. Tarihi ya riƙe sunan Barth da kyau. Wanda aka fi mantawa shi ne yaron da ya bi shi har Turai, ya yi wa biranensu irin kallon da Barth ya yi wa Kano.

Sunan yaron Dorugu. An haife shi wajajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Yana ƙarami aka kama shi bauta, ya bi hannu-hannu har Kukawa, inda Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, ya 'yanta shi tare da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a bakin Tafkin Cadi a 1852, sai su biyun suka koma hidimar Barth. Tare da shi suka ratsa Damagaram da Katsina da Sakkwato da Gwandu, suka isa Tambutu a 1853, suka juyo ta Kano zuwa Kukawa, sannan suka ƙetare Sahara ta Bilma da Murzuk har Tarabulus. Daga nan jirgin ruwa ya kai su Malta da Faransa, suka sauka Landan a Satumban 1855. Barth ya kuma kai su Jamus wurin danginsa. Kafin Dorugu ya cika shekara goma sha bakwai ya riga ya taka ƙasa mai nisan da manyan madugai ba su taɓa takawa ba.

Landan ɗin da ya tarar birni ne na mutum fiye da miliyan biyu, wato Kanon da Barth ya ƙiyasta sau saba'in da ɗoriya. Birni ne kuma na masu tafiya a ƙasa. Talaka da ƙafa yake zuwa wurin aiki, keken doki sai mai abin hannu, fitilun gas ke haska tituna da dare, hayaƙin kwal ya turnuƙe sama. A shekarun da Dorugu ya yi a Ingila ne warin Kogin Tems ya addabi majalisar dokoki a bazarar 1858, babban agogon Westminster ya fara aiki a 1859, aka kuma buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya a Janairun 1863.

Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne. Labarin Dorugu ya nuna iyakar wannan magana. Baƙo ba ya sanin lungu, amma yakan ga abin da ɗan gari ya daina gani saboda sabo. Da Dorugu ya zo ba da labarin Turai, da ma'aunin gida ya auna ta. Ya kula da yadda ake zama cin abinci a liyafa, da suturar mata, da tsananin sanyi, ya faɗe su a matsayin al'adun wasu mutane waɗanda ke buƙatar a yi wa Bahaushe bayaninsu. Wannan shi ne ainihin abin da Clapperton da Barth suka yi wa Hausawa, sai dai a nan Bature ne abin kallo.

Yadda labarin ya shiga takarda ma wani tarihi ne. A Ingila akwai wani ɗan mishan Bajamushe, James Frederick Schön, wanda ya shiga tafiyar Kogin Kwara ta 1841, ya kuma duƙufa kan Hausa ba tare da ya taɓa shiga ƙasar Hausa ba. Samun Bahaushe a kusa da shi ya zame masa tsuntsu daga sama gasasshe. Barth ya so samarin su koma gida, Schön ya so su zauna, har abin ya kai su ga saɓani mai zafi. A ƙarshe suka zauna wurin Schön a yankin Chatham, kimanin kilomita 50 daga Landan, aka yi musu baftisma. Abbega ya koma Afirka a 1857, daga baya ya zama sarkin Lokoja. Dorugu ya tsaya har 1864, yana faɗa Schön na rubutawa. Daga bakinsa aka samo kaso mai yawa na abin da ya shiga littafin nahawun Schön na 1862, da ƙamusunsa na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885, inda labarin rayuwar Dorugu da tafiye-tafiyensa ya fito.

Kallon nan biyu ba su haifi abu ɗaya ba. Na Turawan ya taru, littafi kan littafi, taswira kan taswira, har hanyar Zariya zuwa Kano ta zama sananniya a ofisoshin Landan. A ƙarshen Janairun 1903 rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya ta biyo wannan hanya. A Bebeji aka fara tare ta. Igwa ta fasa ƙofar gari, sarkin garin na cikin waɗanda suka rasa rai, Kano kuma ta faɗi ran 3 ga Fabrairu, lokacin Sarki Alu yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato. Ba littafin Clapperton ne ya harba igwar ba, amma rundunar ba a makance ta zo ba. Kallon Dorugu kuwa bai iso ga Hausawan zamaninsa ba. An buga shi a Landan da haruffan boko da kusan babu mai karanta su a ƙasar Hausa a lokacin, ya zama kayan koyon harshe ga 'yan mishan da jami'an da za su zo mulki. Shi kansa Dorugu tafinta ya yi wa Turawa bayan dawowarsa. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma a Kano ya rasu a 1912.

Waɗanda suka je Landan bayansa sun je ne a matsayin baƙin gwamnati. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je a 1921, ya gana da Sarkin Ingila George na Biyar. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka tafi tare. Irin wannan ziyara mai masauki ne ke tsara ta, shi ke zaɓen inda mota za ta tsaya da abin da za a nuna, manufarsa kuwa baƙo ya koma gida yana jinjina ƙarfin daular. Mai tafiya a ƙasa yakan faɗa unguwar talakawa ko bai nufa ba. Wanda aka ɗauko a mota sai abin da aka ga dama ya gani.

Da 'yan boko ne alƙalami ya dawo hannun mai kallon. Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi da Hausa, don Hausawa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zauna Landan karatun koyarwa daga 1945 zuwa 1946, Aminu Kano ya biyo baya a 1946. Waɗannan zama suka yi, suka shiga jama'a, suka ga yadda talakan Ingila ke jefa ƙuri'a yana kuma sukar masu mulkinsa a fili. Ba a jima da dawowarsu ba aka ji su suna neman a gyara mulkin En'e.

A yau likita ɗan Kiru, ko injiniya ɗan Tudun Wada, ko ɗaliba 'yar Doguwa da ke zaune a Landan na iya tasowa daga Westminster da ƙafa, ta bi gaɓar Tems, ta isa majami'ar St Paul's kafin awa guda ta cika. Hotunan wannan yawo suna isowa gida ta waya nan take. Abin da ya yi ƙaranci shi ne bayani a rubuce da Hausa: nawa ake biyan haya, yaya ake kwashe shara, wa ke gyara titi idan ya fashe, ina tsofaffi ke ƙare rayuwarsu. Dorugu, wanda ya baro Dambanas a ɗaure, ya bar irin wannan bayani game da Turai ta zamaninsa, kuma a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fito da shi da Turanci.